Dokar ƙasar Chile da ta ce bayanan ƙwaƙwalwarka ba kayan kamfani ba ne

Duk wanda ya taɓa raka mai farfaɗiya asibiti aka yi masa gwajin nan da ake manna wayoyi a fatar kai ya riga ya ga abin da za mu yi magana a kai. Za a shafa wani abu mai danƙo, a liƙa ƴan ƙananan faya-fayai, sai ka ga kwamfuta tana ta zana layuka suna hawa suna sauka, wutar da ƙwaƙwalwa ke fitarwa ce na'urar take ɗauka. To wannan na asibiti ne, sakamakon yana hannun likita kuma akwai dokar sirri tsakaninsa da mara lafiya. Inda gizo ke saƙar shi ne yanzu irin wannan na'urar ta shigo kasuwa, ana sayar da ita a intanet kamar agogon hannu, ka ɗaura a kai don barci ko natsuwa ko wasan gem, kuma layukan nan kamfani ne ke kwashe su ya adana a rumbunsa.

Chile, can Kudancin Amurka, ita ce ƙasar da ta fara sa wannan magana a kundin tsarin mulkinta. A watan Oktoban 2021 ne aka fitar da doka mai lamba 21.383, zamanin shugaba Sebastián Piñera, ta yi gyara a sashe na 19, wurin da dama ake maganar ƴancin rayuwa da lafiyar jiki da ta hankali. Gyaran gajere ne sosai. Cewa ya yi ci gaban kimiyya da fasaha dole ya zama don amfanin mutane, a yi shi cikin mutunta rai da jiki da hankali, sannan doka za ta tsara sharuɗɗan yin amfani da shi a kan ɗan Adam, kuma ta kare aikin ƙwaƙwalwa musamman da bayanan da ke fitowa daga gare ta. Wannan jimlar ta ƙarshen ita ce ƙashin bayan abin gaba ɗaya. Wanda ya ja ragamar a majalisa Sanata Guido Girardi ne, shi kansa likita ne, tare da wani masanin ƙwaƙwalwa ɗan Sifaniya mai koyarwa a jami'ar Columbia ta Amurka, Rafael Yuste, wanda ya daɗe yana kiran a amince da haƙƙoƙi biyar: sirrin tunani, mutum ya ci gaba da zama shi ɗin da ya san kansa, ƴancin yanke shawara ba tare da na'ura ta juya shi ba, adalci wajen samun fasahar ƙara ƙarfin ƙwaƙwalwa, da kariya daga nuna bambanci.

Rubutu a kundi daban, aiki da shi daban, shi ya sa shari'ar da ta biyo baya ta fi ɗaukar hankalina. Girardi ɗin nan dai ya sayi wata na'urar ɗaurawa a kai mai suna Insight ta kamfanin Emotiv na Amurka, ya buɗe asusu, ya latsa "na amince" kamar yadda ni da kai muke latsawa kullum ba tare da mun karanta ba, ya fara amfani da ita. Sai ya tarar tunda bai biya kuɗin babban lasisi ba, ba zai iya sauke bayanan ƙwaƙwalwarsa ba, amma su suna can ajiye a wurin kamfanin, kuma ƙa'idojinsu sun ba su damar riƙe su don bincike bayan an cire sunan mai su. Ka ji fa, kanka ne, wutar kanka ce, amma sai ka biya kafin ka gani, su kuma suna riƙe da ita kyauta.

Ya kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta Santiago ba ta ba shi abin da ya nema ba, ya wuce kotun ƙoli. A watan Agustan 2023 kotun ƙolin ta ba shi gaskiya, ta umarci kamfanin ya goge duk bayanan da ya tara a kansa, ta kuma ce hukumar lafiya da ta kwastam su binciki na'urar kafin a ci gaba da cinikinta. Abin da ya fi muhimmanci a hukuncin, a ganina, shi ne batun yarda. Kamfanin ya kafa hujja da cewa ai ya amince da ƙa'idoji kuma an cire sunansa, kotu ta nuna cewa idan bincike za a yi da bayanan mutum, sai an faɗa masa ƙarara me za a yi da su ya yarda da wannan ɗin takamaimai, latsa maɓalli guda a ranar buɗe asusu bai wadatar ba.

Kar wani ya tsorata ya ɗauka na'urar kasuwa tana karanta abin da ke ransa kalma bayan kalma, ba ta kai nan ba. Abin da take iya nunawa shi ne alamun gajiya, natsuwa, damuwa, barci, wani lokacin ma alamar wata cuta da mai ita bai san yana da ita ba, kuma wannan kaɗai ya isa abin tsoro idan ya faɗa hannun mai ɗaukar aiki ko kamfanin inshora. Sannan fasahar gudu take yi. A 2023 masu bincike a jami'ar Texas da ke Austin a Amurka sun sa mutane sun kwanta cikin babbar na'urar hoton ƙwaƙwalwa suna sauraren labarai na kusan awa 16, daga baya kwamfuta ta iya fito da ma'anar abin da suke ji, duk da sai da haɗin kan mutumin take aiki. A Janairun 2024 kuma kamfanin Neuralink ya dasa na'ura a kan wani mai shanyewar jiki har ya riƙa motsa kibiyar kwamfuta da tunani. Wallahi wannan rahama ce babba ga wanda ya rasa motsi ko magana, kuma dokar Chile ba ta hana irin wannan ba.

Akwai masana shari'a da suka soki gyaran, suna cewa haƙƙin sirri da na ƴancin tunani da ake da su tun tuni sun isa, ƙirƙiro sababbi ruɗani kawai zai kawo. Ina ganin suna da ƴar gaskiya, amma dokokin da aka rubuta don adireshi da lambar waya ba su hango ranar da za a sayar da abin auna ƙwaƙwalwa a matsayin kayan wasa ba, ya zille wa dokar asibiti tunda ba a kira shi kayan magani ba. Wannan ramin ne jihar Kolorado ta Amurka ta toshe a Afrilun 2024 da ta sa bayanan ƙwaƙwalwa cikin jerin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman, Kalifoniya ta bi sahu a Satumban shekarar.

Mu a Najeriya, dokar kare bayanai ta 2023 ta lissafa lafiyar mutum da ƙwayoyin gadonsa da abubuwa irin su zanen yatsa a cikin bayanai masu tsauri, ba ta ambaci ƙwaƙwalwa da suna ba, sai dai ta bai wa hukumar kare bayanai ikon ƙara wasu a jerin, kuma na'urorin nan duk mai katin banki zai iya yin odarsu su iso shi har Kano.