Samurai ba barden Turai ba ne da aka sauya wa sulke

An daɗe ana cewa samurai, wato mayaƙan Japan, da baraden Turai na zamanin da duk kanwar ja ce: ubangida ya ba da ƙasa, bara ya biya da yaƙi. Wannan magana tana damuna, domin tana shafe ainihin bambancin da ke tsakaninsu.

A Turai, alaƙar barde da ubangidansa yarjejeniya ce mai ɗaure kowane ɓangare. Idan ubangida ya saɓa alkawari, ana iya juya masa baya, har ma mutum kan yi mubaya'a ga iyayengiji biyu. Wannan tunanin ne ya ba manyan masu ƙasa na Ingila ƙarfin tilasta wa Sarki John amincewa da Magna Carta, takardar da ta taƙaita ikon sarki, a 1215. A Japan kuwa biyayyar ta fi kama da ta ɗa ga uba, ba ta dogara sosai ga shari'a ba, kodayake cin amana ya yawaita a lokutan yaƙin basasa.

Batun ƙasa ma haka. Bayan Tokugawa Ieyasu ya zama shogun, wato shugaban mulkin soja na Japan, a 1603, yawancin samurai sun tare a garuruwan da ke kewaye da fadojin iyayengijinsu, ana biyansu albashi da shinkafa. Ma'auninta koku ne, kusan lita 180, wato abincin mutum ɗaya na shekara.

Takobin da ake ta zuzutawa fa? Samurai na farko maharba ne bisa doki, da kwari da baka.