Me Ake Nufi da "Laimar Kwaɗi Mai Sa Maye"?

A watan Oktoba na shekarar 1799 wani magidanci a birnin Landan ya yi sammako zuwa wani filin shaƙatawa da ake kira Green Park, ya tsinko 'yan ƙananan laimar kwaɗi, ya kawo gida aka dafa aka ci. Ba a jima ba gida ya rikice. Jiri ya kama su, baƙin idonsu ya buɗe, wani yaro ɗan shekara takwas kuwa ya dinga ƙyalƙyala dariya ba gaira ba dalili, uwa ta yi tsawa, uba ya yi tsawa, ya ƙi bari. Likitan da aka kira, Everard Brande, ya rubuta abin da ya gani, kuma daga baya masana suka gane cewa nau'in da ake kira Psilocybe semilanceata ne mutanen suka ci. Mutumin nan bai fita neman maye ba. Abinci ya fita nema, idonsa ya yaudare shi, kuma ya yi sa'a ƙwarai da kuskuren nasa ya tsaya a kan dariya da jiri.

Abin da ya ci shi ne ake yawan ambata yanzu a labarai da shafukan sada zumunta, wanda Turawa ke kira magic mushrooms, wato laimar kwaɗi ta tsafi ko ta sihiri. Babu wani sihiri a cikinta. Kuma ba nau'i guda ba ce. Sunan ya tattara nau'o'i sama da 200 waɗanda abin da ya haɗa su kawai shi ne wani sinadari da ake kira silosaibin. Yawancinsu 'yan gidan Psilocybe ne, kalmar da aka samo daga Girkanci mai ma'anar "tsiraran kai", amma akwai wasu a gidajen Panaeolus da Gymnopilus da Inocybe. Ita kanta laimar kwaɗi ba ta cikin tsirrai. Dangin funfuna ce da yis. Ainihin jikinta wasu siraran zare ne farare da ke saƙe a cikin ƙasa ko ruɓaɓɓen itace, suna cin abin da ya mutu. Laimar da ake gani ta leƙo bayan ruwan sama kamar 'ya'yan itace ce a wurinta, tana fitowa don ta watsa ƙurar irinta, kwana kaɗan ta narke.

Idan silosaibin ya shiga ciki, jiki yana juya shi ya koma silosin, shi ne kuma ke hawa ƙwaƙwalwa. Siffarsa ta yi kama da ta serotonin, wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke aika saƙonni da shi, don haka sai ya zauna a gurbinsa ya dagula tsarin. Cikin minti 20 zuwa 40 abin ke fara aiki, ya ɗauki kamar awa huɗu zuwa shida. Launuka su ƙara ƙarfi, bango ya yi kamar yana numfashi, minti biyar ya zama kamar yini, mutum ya shiga gane-gane da jiye-jiye. Tare da haka akwai tashin zuciya, bugun zuciya ya ƙaru, hawan jini ya ɗaga. Wani ya ji daɗi da natsuwa, wani kuma tsoro ya lulluɓe shi har ya tabbata mutuwa zai yi, ko ya ruga kan titi, ko ya faɗo daga bene. Wanda ke da ciwon taɓin hankali a jininsa, abin na iya tayar masa da shi. Mai shan litiyam kuma, wani maganin ciwon taɓin hankali, yana iya faɗuwa da farfaɗiya. Sannan ƙarfin sinadarin bai da ma'auni: laima biyu daga wuri ɗaya, ɗaya ta iya ninka ɗaya.

Akwai wata kuma da ake cusa ta cikin wannan suna alhali ba gidansu ɗaya ba. Ita ce jar nan mai ɗigo-ɗigon fari da ake zanawa a littattafan yara, Amanita muscaria, wadda ke fitowa a gindin itatuwan ƙasashen sanyi. Ba ta da silosaibin ko kaɗan. Nata sinadaran daban ne, musimol da asid ɗin ibotenik, kuma aikinsu ya fi kama da magagi da rawar jiki da barci mai nauyi. Wasu ƙabilun Saiberiya sun daɗe suna amfani da ita a bautarsu.

Yadda sunan ya bazu a duniya labari ne da ke taɓa ni duk lokacin da na tuna shi. Mutanen ƙasar Meziko sun san waɗannan nau'o'i tun kafin zuwan Turawan Sifen. Aztek, wata tsohuwar al'ummar ƙasar, suna kiranta teonanacatl, wanda aka fi fassarawa da "naman allahntaka", kuma wani limamin Kirista mai suna Bernardino de Sahagún ya rubuta labarinta a ƙarni na 16. 'Yan mulkin mallaka suka hana, al'adar ta koma ɓoye cikin duwatsu. A 1955 wani ma'aikacin banki daga New York, Gordon Wasson, ya isa garin Huautla de Jiménez a jihar Oaxaca, inda wata mai magani 'yar ƙabilar Mazatek, María Sabina, ta yarda ya shiga zaman dare da take yi wa marasa lafiya. A 1957 ya buga labarin a mujallar Life, kuma daga kanun wannan labari ne laƙabin "sihiri" ya manne. Ya sauya mata suna a rubutun, amma hakan bai hana a gano garin ba. Matasa daga Amurka da Turai suka yi ta kwarara, 'yan sanda suka biyo baya, mutanen garin suka ɗora mata laifi, har aka ƙona gidanta. Ta rasu a 1985 cikin talauci. A wurinta abin magani ne da ake shiga da tsarki da addu'a domin mara lafiya. Waɗanda suka zo daga nesa abin shaƙatawa suka mayar da shi.

Ta ɓangaren kimiyya kuwa, masanin laimar kwaɗi ɗan Faransa Roger Heim ne ya tantance nau'o'in da Wasson ya kawo, sannan Albert Hofmann na kamfanin Sandoz a birnin Basel na Suwizalan ya tace silosaibin a 1958. Amurka ta sanya shi a rukunin farko na haramtattun ƙwayoyi a 1970, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta bi sahu. Birtaniya ta haramta ɗanyar laimar kanta a 2005, Holan a 2008. A yawancin ƙasashe har yau mallakarta laifi ne, ko da mutum da hannunsa ya tsinko a daji.

Dalilin da ya sa maganar ta dawo bakin mutane shi ne bincike. Tun daga wani nazari da Jami'ar Johns Hopkins ta fitar a 2006 aka koma gwada sinadarin a kan ciwon damuwa mai ƙin jin magani da fargabar masu ciwon daji. Jihar Oregon ta kaɗa ƙuri'a a 2020 ta amince a riƙa ba da shi a cibiyoyi masu lasisi, Ostireliya kuma daga watan Yuli na 2023 ta ba wasu likitocin ƙwaƙwalwa izinin rubuta shi ga masu ciwon damuwa da sauran magunguna suka gaza musu. Sai dai wanda ya karanta kanun labari kawai zai ɗauka an ce laimar daji magani ce. A gwaje-gwajen asibiti sinadari ne tatacce, an auna shi da miligiram, an tace marasa lafiyar an cire masu haɗari, kuma akwai ma'aikata zaune kusa da su daga farko har ƙarshe. Ba abin da ya haɗa wannan da abin da aka tsinto a gefen hanya.

To ina suke fitowa? A ko'ina, in ban da nahiyar ƙanƙara ta Antatika. Ƙididdigar masanin nan ɗan Meziko Gastón Guzmán ta nuna ƙasarsa ce ta fi yawan nau'o'i. Suna son danshi da abin da ke ruɓewa: kashin dabbobi masu cin ciyawa, ruɓaɓɓen itace, filin ciyawa mai laima. Amma wannan bayanin bai amfanar da mai nema da komai, domin haka kusan kowace ƙaramar laimar kwaɗi take rayuwa, har da masu kisa. A kan kututture guda ana iya samun mai sa maye da mai ruguza hanta suna goga kafaɗa.

Nan ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Yawancin masu silosaibin ƙanana ne, ruwan ƙasa, marasa wata alama da za ta ja ido. Irin wannan siffa kuwa ɗaruruwan nau'o'i ke da ita, har masana da kansu kan haɗa su a suna ɗaya su ce "'yan ƙananan masu ruwan ƙasa", domin ido kaɗai ba ya raba su. Cikinsu akwai Galerina marginata da Pholiotina rugosa, waɗanda ke ɗauke da guba iri ɗaya da ta Amanita phalloides, wadda ake wa laƙabi da "hular mutuwa", mai alhakin kusan kashi 90 cikin 100 na mutuwar da laimar kwaɗi ke jawowa a duniya. Ka ɗora Galerina a tafin hannu: 'yar hula mai ruwan zuma, tana ɗan sheƙi in ta jiƙe, siririyar ƙafa, ba wari ba ɗaci. Babu abin da zai gaya maka cewa kaɗan daga cikinta sun isa su kai babban mutum kabari.

Gubar, wadda ake kira amatoksin, mugun halinta shi ne haƙuri. Mutum ya ci, ya yi awa shida, goma, wani lokaci har ashirin da huɗu bai ji komai ba. Wanda ya ci don neman maye zai ma ɗauka bai dace ba ne, wataƙila ya ƙara. Sai amai da gudawa su ɓarke kamar kwalara. Bayan kwana ɗaya ko biyu su lafa, ya tashi zaune, ya sha ruwa, 'yan uwa su ce an samu sauƙi. A daidai wannan lokacin gubar tana can cikin hanta ta tsayar da injin da ƙwayoyin halitta ke ƙera furotin da shi, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Zuwa kwana na uku ko na huɗu ido ya yi rawaya, jini ya daina daskarewa, hankali ya gushe. Daga nan wani sai dashen hanta. Dafawa ba ta kashe wannan guba, shanyawa ba ta kashe ta, sanyawa a firji ma haka. Wasu 'yan gidan Cortinarius kuma ƙoda suke ci, kuma alamarsu na iya jinkiri har mako biyu ko uku, lokacin da mutum ya manta ma ya ci wani abu.

Dabarun da ake yaɗawa na ganewa ba abin dogaro ba ne. Wadda ta fi shahara ita ce wai in an murza laimar ta koma shuɗiya to mai sa maye ce. Gaskiya ne silosin yana yin shuɗi in iska ta taɓa shi, amma akwai wasu nau'o'in da ke yin shuɗi saboda wasu sinadarai daban, cikinsu har da masu guba, sannan ruɓewa da duhun jiki kan yi kama da shuɗi ga idon da ke ɗokin ganinsa. Ko da a ce guda ɗaya ta tabbata, ba ta wanke sauran da ke cikin kwando ba. Cewa wai in tsutsa ko dodon koɗi ya ci to ba guba, ƙarya ce, jikinsu ba irin namu ba ne. Cewa cokalin azurfa yana baƙi in ya taɓa mai guba, ita ma ƙarya ce. Manhajojin waya da ke duba hoto su faɗi suna kuwa suna kuskure, kuma ba su ganin abin da masani ke dubawa: launin ƙurar iri, siffarta a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, gindin da ke binne a ƙasa, wani lokaci har gwajin ƙwayar halitta. Ga shi kuma nau'in da mutum ya sani a ƙasarsa yana iya samun mai kama da shi sak a wata ƙasa, shi ya sa baƙi da 'yan gudun hijira ke yawan faɗawa cikin wannan masifa.

Idan ta riga ta faru, wani ya ci laimar daji da ba a tabbatar da ita ba, ko yaro ya tsinta ya kai baki, asibiti za a nufa nan take ba tare da jiran alama ba, domin magani ya fi aiki a awannin farko. A tafi da ragowar abin da aka ci, a naɗe a takarda maimakon leda don kada ta narke, ko a ɗauki hotonta sama da ƙasa da gindinta. A gaya wa likita gaskiya: me aka ci, nawa, ƙarfe nawa, kuma yaushe ciwon ya fara. Wannan tazarar tsakanin ci da fara ciwo ita ce babbar alamar da likita ke bi, domin abin da ya jinkirta sama da awa shida shi ne ya fi tayar da hankali. Kada kunya ko tsoron hukuma su sa a ɓoye cewa maye aka je nema. Likitoci suna da garin gawayi na musamman da ke kama guba a ciki, da ƙarin ruwa, da magungunan kare hanta irin su silibinin, amma duk suna bukatar a zo da wuri, kuma ko mara lafiya ya ce ya warware a kwana na biyu, sai gwajin jini ya nuna halin da hantarsa ke ciki kafin a sallame shi.