Ma'anar Stolperstein, dutsen tuntuɓe na Jamus

Da Margot Friedländer, Bayahudiyar da ta tsira daga kisan kiyashin 'yan Nazi, ta rasu a Berlin ranar 9 ga Mayun 2025 tana da shekara 103, kalmar Stolperstein ta sake yawo a bakunan mutane. Bajamushiyar kalma ce, ma'anarta dutsen tuntuɓe. Ɗan ƙaramin bulo ne na kankare, kimanin santimita 10 kowane ɓangare, an lulluɓe samansa da farantin tagulla mai ɗauke da sunan mutum ɗaya da 'yan Nazi suka zalunta tsakanin 1933 da 1945. Ana binne shi a daɓen gefen titi, daidai da ƙasa, don haka ƙafa ba ta cin karo da shi. Ido ne ke tuntuɓe, sai mai wucewa ya sunkuya ya karanta.

Wani mai sassaƙa, Gunter Demnig, shi ya ƙirƙiro shi. Ya kafa na farko a birnin Kolon a 1992, kuma a watan Mayun 2023 aka kafa na 100,000 a Nuremberg. Mafi yawa na Yahudawa ne, amma akwai na ƙabilun Sinti da Roma, da naƙasassu, da 'yan adawar siyasa.

Rubutun gajere ne. Yakan fara da “A nan ya zauna”, sai suna, shekarar haihuwa, lokacin da aka tasa ƙeyarsa, inda aka kai shi, da abin da ya same shi. Da hannu ake buga haruffan, ɗaya bayan ɗaya da guduma, kuma da gangan aka ƙi aikin inji, tunda kisan da 'yan Nazi suka yi, shi kansa tamkar aikin masana'anta aka yi shi. Wurin kafawa ma yana da ƙa'ida: ƙofar gida na ƙarshe da mutumin ya zaɓa da kansa, ba inda aka cusa shi bayan an ƙwace nasa ba. Nan ne masu bincike suka fi shan wahala, domin adireshin da ke cikin takardun kamu sau da yawa na gidan tilas ne. Maƙwabta ko 'yan makaranta kan tono tsoffin rajistoci, su nemi dangi, su karɓi izinin hukumar gari, wani ya ɗauki nauyin kuɗin.

Tagulla tana dusashewa. An so tafin takalmi ya riƙa goge ta, amma mutane na kauce wa taka suna, sai farantin ya yi baƙi har rubutu ya ɓace wa ido. Shi ya sa ake fitowa da tsumma da man goge ƙarfe, musamman ranar 9 ga Nuwamba da 27 ga Janairu, ranakun tunawa da waɗanda 'yan Nazi suka zalunta. Burushin waya kuwa yana karce farantin. Akwai kuma masu tonewa su sace saboda ƙiyayya. Birnin Munich ya hana kafa su a titunan gwamnati, bisa hujjar cewa bai dace a taka sunan mamaci ba, hujjar da Charlotte Knobloch, jigo a al'ummar Yahudawan birnin wadda ita ma ta tsira daga 'yan Nazi, ta tsaya a kai. Magana ce mai nauyi, bai kamata a raina ta ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar dutsen a matsayin alamar kabari. Ba gawa a ƙarƙashinsa, kuma ana yi wa rayayyu. Margot, wadda aka haifa a 1921 da sunan Bendheim, ta ɓuya a Berlin wata 15 bayan an tafi da mahaifiyarta Auguste da ƙanenta Ralph zuwa sansanin kisa na Auschwitz a Janairun 1943, inda aka kashe su. An kama ta a 1944 aka kai ta sansanin tsare Yahudawa na Theresienstadt. Ta fita da rai, ta tafi New York a 1946, ta dawo Berlin da zama a 2010 tana da shekara 88, ta shiga makarantu tana ba yara labari. A ƙofar gida mai lamba 32 a titin Skalitzer, dutsenta na kusa da na uwarta da ƙanenta. Nasu ya ƙare da kisa a Auschwitz, nata ya ƙare da kalma ɗaya mai nufin ta tsira.