Ajiye Sigogi Da Dama Na Harshe Ɗaya A Kwamfuta: Tambayoyi Da Amsoshi

Duk wanda ya ɗan jima yana rubuta manhaja ya san wannan ƙorafi: aikin da ke tafiya lafiya lau a kwamfutar wanda ya rubuta shi, da an kai shi wata kwamfutar sai ya ƙi motsi. Ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da matasan da ke koyo da kansu a cikin garin Maradi suna cin karo da shi kamar kowa, kuma sau da yawa rubutunsu ba shi da laifi, sigar harshen da aka rubuta manhajar da shi ce ta bambanta.

Me ya sa harshe ɗaya yake da sigogi da yawa?

Saboda masu kula da harsunan ba sa daina gyara su. Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, ya yi babban sauyi a ƙarshen 2008 da fitowar Python 3, sauyin da ya kai ga cewa lissafin 5/2 da ke ba da 2 a tsohuwar siga ya koma ba da 2.5 a sabuwa. An ɗauki shekaru ana tafiya da biyun, har aka daina kula da Python 2.7 a ranar 1 ga Janairu 2020. Yanzu kowace shekara a watan Oktoba ake fitar da sabuwar siga, a kula da ita tsawon shekaru 5.

Matsalar tana zuwa ta fuska biyu. Ɗalibin da ya yi amfani da umarnin `match`, wanda ya shigo a siga ta 3.10, idan ya kai aikinsa kwamfutar da ke kan tsarin Ubuntu 20.04 mai ɗauke da Python 3.8, kuskure za ta nuna masa tun kafin aikin ya soma. A ɗaya fuskar kuma, tsohon aikin da ya dogara da `cgi`, wani sashe da ke zuwa tare da Python a da, ba zai tashi a kan 3.13 ba, domin an cire shi daga harshen a 2024.

Mene ne aikin manhajar kula da sigogi, kuma yaya take yin sa?

Aikinta biyu ne: ta sauke sigogi daban-daban ta ajiye kowace a foldarta, sannan ta zaɓi wadda za ta amsa idan aka kira harshen. Na biyun ne ya cancanci bayani, domin a nan ne yawancin masu koyo ke ruɗewa.

Idan mutum ya rubuta `python` a tagar umarni, kwamfuta tana bin wani jerin foldoji da ake kira PATH ɗaya bayan ɗaya, kuma fayil na farko da ta samu mai wannan suna shi take tayarwa. Dabarar pyenv, manhajar kula da sigogin Python, ita ce ta saka wata folda tata a kan gaba a jerin, wadda ke ɗauke da ƴan ƙananan fayiloli masu sunan `python` da `pip` (umarnin girka kayan haɗi a Python), waɗanda ba su ne harshen ba, masu isar da saƙo ne kawai. Da an kira su, sai su duba ko an zaɓi wata siga ta musamman a wannan tagar. In babu, su nemi fayil mai suna `.python-version` a foldar da ake ciki. In babu shi, su yi ta hawa foldojin da ke sama. Sai an rasa ko'ina su koma ga sigar da aka tsayar wa kwamfutar gaba ɗaya. Saboda haka wanda ya rubuta `pyenv install 3.12`, sannan ya shiga foldar aikinsa ya rubuta `pyenv local 3.12`, ya gama: duk sanda ya shiga wannan folda 3.12 ce za ta amsa, ya fita ta koma yadda take.

Wannan ɗan fayil, mai layi ɗaya tak, shi ne mafi amfani a cikin lamarin duka. Kamar yadda tela ke rubuta awon kowane mai ɗinki a littafi maimakon ya dogara da tunaninsa, haka ya kamata sigar kowane aiki ta kasance a rubuce a cikin aikin, ta bi shi duk inda aka kai shi.

nvm, wanda ake amfani da shi ga Node.js (mai tafiyar da harshen JavaScript), ya bi wata hanya: yana sauya jerin PATH ne kai tsaye a tagar da aka ba shi umarni, kuma `nvm use` yana karanta fayil ɗin `.nvmrc`. Idan bayan girkawa kwamfuta ta ce ba ta san umarnin ba, galibi ba a ƙara layukan da ake buƙata a `.bashrc`, fayil ɗin da tagar umarni ke karantawa idan an buɗe ta, ba ne, ko kuma ba a rufe tagar an sake buɗe ta ba.

Tunda kwamfutata ta zo da Python, me zai hana in sabunta shi kawai?

Domin ba kai kaɗai ke amfani da shi ba. A kan Ubuntu da Debian, wasu daga cikin kayan aikin tsarin kansa, har da masu kula da sabuntawa, da Python aka rubuta su, kuma an gwada su ne da sigar da aka haɗo. Wanda ya cire ta ko ya musanya ta yana iya wayi gari tagar umarninsa ta ƙi buɗewa. Wannan ne ya sa tun daga Debian 12 a 2023, idan aka yi ƙoƙarin girka wani abu da `pip` a kan Python na tsarin, sai a ga saƙon `externally-managed-environment`. Ana yawan yaɗa hanyoyin tsallake wannan shinge, amma a ganina bin su rashin hikima ne, tunda an kafa shi ne don kare kwamfutar mai ita.

Ashe ba aikin venv ke nan ba?

A'a, ko da yake suna tafiya tare. venv, wanda ya shigo Python tun siga ta 3.3, yana keɓe kayan haɗin da aiki ke buƙata ne, irin su Django ko pandas, don kada na wannan aiki su cakuɗe da na wancan. Ba ya sauko da wata sigar harshe. Wadda aka ƙirƙire shi da ita, ita zai riƙe. A fara zaɓar siga, sannan a ƙirƙiri venv a kanta.

Wane kayan aiki ya dace da wane harshe?

Rust yana da nasa na hukuma, rustup, kuma ana buƙatarsa tunda duk makonni 6 ake fitar da sabuwar siga. Masu Java sukan yi amfani da SDKMAN don sauyawa tsakanin 8 da 11 da 17 da 21, sigogin da ake kula da su na dogon lokaci. Go tun daga 1.21 yana iya sauko da sigar da aka rubuta a `go.mod` da kansa. Wanda ke aiki da harsuna da yawa yana iya ɗaukar asdf ko mise, masu karanta fayil ɗaya, `.tool-versions`, ga dukkansu. Shi kuwa uv, wanda kamfanin Astral ya fitar a 2024, ya haɗa saukar da Python da keɓe kayan haɗi a wuri guda. Mai harshe ɗaya ba ya buƙatar fiye da kayan aiki ɗaya, kuma girka biyu ga harshe ɗaya yana jawo su yi ta rigima a kan wanda zai zo farko a PATH.

Idan intanet ba ta da ƙarfi kuma wuta na ɗaukewa fa?

Ga mai aiki a Maradi, wanda ke lissafin kowane mega na forfe ɗinsa, wannan tambaya ta fi sauran nauyi, domin kayan aikin ba su yi daidai ba a nan. pyenv yana sauko da ainihin rubutun Python ne, kimanin mega 20, sannan ya harhaɗa shi a kan kwamfutar, wato ya mayar da shi manhajar da za ta iya tashi, wanda ke buƙatar a riga an girka kayan harhaɗawa irin su `build-essential` da `libssl-dev`, kuma a tsohuwar kwamfuta yakan ɗauki mintuna masu yawa. Idan wuta ta ɗauke ana tsaka da wannan kuma batirin ya riga ya mutu, sai dai a sake daga farko. uv da nvm kuwa harhaɗaɗɗe suke saukowa da harshen, da an gama saukewa an gama.

Akwai kuma hanyar rage kashe kuɗi ga ƴan aji ɗaya. Idan aka ƙirƙiri folda mai suna `cache` a cikin `.pyenv`, pyenv yana ajiye abin da ya sauke a ciki, kuma idan ya tarar da fayil ɗin a can ba ya sake saukewa. Ke nan mutum ɗaya zai iya saukewa lokacin da rezo ya yi kyau, ya zuba a kile USB, sauran su kwafa. Haka ma kayan haɗi: `pip download` yana tara su a folda, a girka su daga baya da `--no-index` da `--find-links` ba tare da intanet ba, muddin sigar Python da tsarin kwamfutocin iri ɗaya ne. Docker, wanda ke ƙunshe aiki da duk abin da yake buƙata a wuri guda, shi ma yana warware matsalar sigogi, sai dai abin da yake saukewa yakan kai ɗaruruwan mega, don haka ba shi ne farkon abin da zan ba mai koyo shawara ba.

Masu Windows fa?

pyenv da nvm na asali don Linux da macOS aka yi su. pyenv-win da nvm-windows ayyuka ne dabam na wasu mutane dabam, kuma umarninsu ba ya yin daidai da na asali a ko'ina. Ga Python, umarnin `py` yakan wadatar: `py -3.11` yana tayar da wannan siga idan an girka ta.

To wace siga zan zaɓa idan zan soma sabon aiki?

Wadda ke kan uwar garken (server) da aikin zai zauna a kai, idan an san ta, domin can ne zai yi rayuwarsa. Idan ba a sani ba, a ɗauki wadda har yanzu ake kula da ita amma ta ɗan kwana biyu da fitowa, saboda kayan haɗi sukan ɗauki watanni kafin su daidaita da sabuwar siga. A Node.js, sigogi irin su 20 da 22 an ba su kulawar watanni 30, alhali masu lamba mara, kamar 21 da 23, ƴan watanni kaɗan suka yi aka bar su. Kowace aka zaɓa, a rubuta ta a fayil ɗin sigar, a saka fayil ɗin a Git, manhajar adana tarihin sauye-sauyen aiki, tare da sauran aikin, ta yadda wanda za a miƙa wa manhajar shagon ko ta makarantar bayan shekara biyu zai san abin da zai girka ba tare da ya nemi wanda ya rubuta ta ba.