Zuwa Disneyland ta Faransa a hutun Kirsimeti: tambayoyin da 'yan Kaduna ke yi mini

Tun da muka kai yara Disneyland ta Faris, katafaren wurin wasa da shaƙatawa, a wani Disamba da ya wuce, da zarar hunturu ya kama sai tambayoyi su fara zuwa mini. Maƙwabciyata a Unguwar Rimi ta yi nata, abokin aikina na Barnawa da ke son yi wa iyalinsa Kirsimeti a can shi ma ya yi nasa. Ga waɗanda suka fi maimaituwa, da amsar da nake bayarwa.

Ina wurin yake, kuma yaya ake zuwa daga Kaduna?

Ba a cikin birnin Faris yake ba. Yana Marne-la-Vallée, kimanin kilomita 32 gabas da birnin, kuma an buɗe shi ranar 12 ga Afrilu, 1992. Filin wasa biyu ne kusa da juna, na biyun ya zo a 2002. Mu jirgin ƙasa muka hau daga Rigasa zuwa Idu, muka tashi a jirgin sama daga Abuja zuwa Faris, tafiyar kimanin awa 6. Daga tsakiyar Faris, jirgin ƙasa na layin RER A zai sauke ku a bakin ƙofar wurin cikin kamar minti 40. Wani sauƙi kuma, a Disamba agogon Faransa da na Najeriya ɗaya ne, don haka barcin yara ba ya rikicewa.

Abokin aikina ya ce, "Yaya, ni ranar 25 ɗin nake so mu kasance a ciki." Ya dace?

Na fahimci abin da ke ransa, amma na ce masa ya sake tunani. Makarantun Faransa suna ba da hutun mako biyu daga wajen 20 ga Disamba zuwa farkon Janairu, haka ma Ingila da sauran maƙwabta. Duk waɗannan iyalai a mako ɗaya suke kwararowa. Tikitin kuwa farashinsa yana bin rana ne, ranar da aka fi rububi ita ta fi tsada, otal ma haka. Ga kuɗi ya tafi, ga tsayuwa: lilon da ba ya wuce minti 3 sai a yi masa layin awa guda ko fiye, yaro na riƙe da hannunka yana tambayar yaushe za a kai.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, kayan Kirsimetin ba ranar 25 ake fito da su ba. Tun cikin Nuwamba ake kafa katafariyar bishiyar nan mai fitilu, ana jerin gwanon motocin ado da makaɗa, ana sakin ƙanƙarar roba tana zubowa a babban titin shiga, kuma haka ake yi har farkon Janairu. Wanda ya je a makon farko ko na biyu na Disamba, tsakiyar mako, abu ɗaya zai gani da wanda ya je ranar Kirsimeti, sai dai shi zai gani a natse. Idan makarantar yaranku ta ba da hutu da wuri, ku tafi nan take. Ni da zan zaɓa wa abokina, ya dawo ya yi ibadarsa a cocinsu, ya ci shinkafar Kirsimeti da danginsa a Kaduna, yara suna ba da labarin abin da suka gano. Idan kuwa lallai sai wannan makon, a sayi tikiti mai kwanan wata tun da wuri, don yakan ƙare, kuma a isa ƙofa kafin a buɗe.

Maƙwabciyata ta ce, "Malam, wane sanyi kuma? Ai mun saba da hunturu."

Hajiya, ba irinsa ba ne. Hunturun Kaduna busasshe ne, da hantsi rana ta fito kin cire rigar sanyi. Na can jiƙaƙƙe ne, yakan sauka kusa da sifiri, ga yayyafi, kuma a waje za a yini. Ƙaramar 'yata, safa ɗaya muka sa mata ranar farko. Wajen la'asar ta daina magana, na cire mata takalmi na ji yatsunta kamar an ciro su daga firji, na sa ƙafar cikin rigata har ta dawo daidai. Laifinmu ne. Washegari safa biyu, safar hannu, hula mai rufe kunne, da riga uku a jere, ta sama wadda ruwa ba ya ratsawa. A tafi da man shafawa na leɓe, irin wanda muke amfani da shi a nan.

Biza fa?

Bizar Shengen ake nema, wato bizar bai-ɗaya ta ƙasashen Turai da dama har da Faransa. Ana iya miƙa takardu tun wata 6 kafin tafiya, kuɗinta Yuro 90 ga babba, 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa ƙasa da 12, sannan dole a yi inshorar lafiya da za ta iya biyan kuɗin jinya har Yuro 30,000. Mai son Disamba ya fara tun Agusta ko Satumba.

Yaro ɗan shekara nawa ya kamata a kai?

Wanda bai kai shekara 3 ba kyauta yake shiga, amma ba zai tuna komai ba, kuma sanyin zai wahalar da shi. Abin lura shi ne manyan lilo da tsayi ake shiga, ba da shekaru ba. Big Thunder Mountain sai mai mita 1.02, Hyperspace Mountain sai mai 1.20. Akwai ma'auni a bakin layi, kuma ba a roƙo. Ku jingina yaro da bango a gida ku auna shi, ku faɗa masa tun a nan abin da zai hau da wanda sai baɗi. Kukan gida ya fi kukan bakin layi sauƙi.

Salla da abinci?

Yini gajere ne ƙwarai. Rana ba ta fitowa sai wajen 8:30 na safe, kafin 5 na yamma ta faɗi, don haka Azahar, La'asar da Magariba kusa da juna suke zuwa. Mu mun yi amfani da sauƙin da aka yi wa matafiyi, muka haɗa Azahar da La'asar, da ƙaramar darduma a jaka. Abinci kuma, a tambaya kafin a saya, a kula da naman alade da girkin da aka sa giya. Kifi, dankali da kayan lambu ba sa wuyar samu. Dabino, biskit da gorar ruwa a jaka suna tare yunwar yara a layi.

A kwana a otal ɗin ciki ko a waje?

Na ciki yana da tsada, amma ana barin baƙinsa su shiga kafin sauran jama'a, kuma a lokacin cunkoso wannan ɗan lokacin na safe yana da daraja. Mu a Val d'Europe muka sauka, tasha ɗaya kafin wurin, inda akwai babban kanti. Ɗaki mai ɗan kicin muka kama, uwargida ta taho da yajinta da garin kunu daga gida, kullum da asuba yara suka sha kunu mai zafi kafin mu fita tasha.