Waiwaye: Tarihin Tallafin Sauya Makamashin Motocin Haya

Ba yau gwamnatoci suka fara zuba kuɗi don raba tasi da ƙananan motocin haya da fetur da dizal ba. Dalilin farawa da su kuwa a fili yake, domin motar gida takan wuni a ajiye, ta haya kuwa tun asuba take kan titi tana tuttuɗa hayaƙi inda jama'a suka fi cunkoso.

Tsadar mai ce ta fara tayar da maganar. Bayan tashin farashin ɗanyen mai na 1973 da 1979, ƙasar Niyu Zilan ta ba da rance da tallafi har aka mayar da motoci sama da 100,000 masu amfani da iskar gas ta CNG, wato iskar gas da ake matsewa a cikin tukunya, amma da gwamnati ta zare hannu a tsakiyar shekarun 1980 sai harkar ta durƙushe.

Daga baya batun ya koma na lafiyar jama'a. A 1998 Kotun Ƙolin Indiya ta umarci motocin haya na birnin Delhi su koma CNG kafin ƙarshen Maris na 2001, sai dai umarnin ya riga gidajen sayar da gas isowa, direbobi suka riƙa shafe sa'o'i a layi, abin da ya ci musu kuɗin shigar yini.

Hong Kong ce, a ganina, ta fi fahimtar halin direba. A 2000 ta ware dalar Hong Kong 40,000 ga duk mai tasin da ya maye gurbin motarsa ta dizal da mai amfani da gas ɗin LPG, wato irin gas ɗin girki, sannan ta bai wa kamfanoni filaye kyauta su gina gidajen gas bisa sharaɗin a ƙayyade farashi. Da yake mai mota ya ga riba a aljihunsa kullum, zuwa 2003 kusan dukkan tasi 18,000 na birnin sun sauya, aka kuma faɗaɗa shirin zuwa ƙananan bas-bas a 2002.

Yanzu hankali ya karkata ga lantarki. Tun 1 ga Janairun 2018 Landan ba ta ba sabuwar tasi lasisi sai wadda za ta iya tafiya ba hayaƙi, kuma a lokacin gwamnatin Birtaniya ta ɗauke wa mai saye har fam 7,500 daga kuɗin motar.