Kwaɗon da ke jikin wasannin bidiyo: abin da doka ta ce game da wanda ya biya kuɗinsa

Kamfanonin da ke ƙera wasannin bidiyo sukan saka wa kayansu wata manhaja mai aiki kamar kwaɗon kulle ƙofa, wadda ke tantance ko an mallaki wasan ta halal kafin ta bari ya buɗe. Manufarta ita ce daƙile satar fasaha, kuma doka na goyon bayanta sosai. Tushen wannan goyon baya shi ne yarjejeniyar haƙƙin mallaka ta shekarar 1996 ta WIPO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin mallakar fasaha, wadda ta wajabta wa ƙasashen da suka amince da ita su hukunta masu karya irin wannan kariya. Amurka ta cika alkawarin da dokar DMCA ta 1998, Tarayyar Turai ta biyo baya a 2001, ita ma Najeriya ta sanya irin wannan haramci a Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022.

Abin lura a sashe na 1201 na dokar Amurka shi ne, karya kwaɗon laifi ne mai zaman kansa, ko da wanda ya karya shi bai kwafi wasan ba, bai kuma sayar wa kowa ba. Kamfani na iya neman diyyar dala 200 zuwa 2,500 a kan kowace karyawa, wanda kuma ya aikata da gangan domin neman riba yana iya fuskantar ɗaurin shekara biyar ko tarar dala 500,000 a karon farko. Dokar ba ta tambayi ko mutum yana da rasit ba.

A nan ne nauyin ke faɗawa kan mai saye. Wasan da ɓarayin fasaha ke rabawa an riga an ɓalle masa kwaɗo, don haka wanda ya biya kuɗi ne kaɗai ke cin karo da shi kullum. Lokacin da wasan Spore ya fito a 2008, sau uku kawai aka yarda mai shi ya girka shi a kwamfuta, sai da ƙorafi ya yi yawa aka ƙara adadin. A 2010 Assassin's Creed II na kwamfuta ya buƙaci intanet ba yankewa, ko da mutum shi kaɗai yake wasa, kuma duk wanda ya san tsadar data da ɗaukewar sabis ya san ma'anar wannan sharaɗi. A yau manhajar kwaɗo ta Denuvo, wadda aka ƙirƙira a Ostiriya, tana cikin waɗanda suka fi yaɗuwa, tana kuma taƙaita kunna wasa ga na'ura biyar a cikin awa 24.

Mafi muni shi ne ranar da kamfani ya kashe manyan kwamfutocinsa da wasan ke dogaro da su. Haka ta faru da The Crew, wasan tseren mota na Ubisoft da ya fito a 2014: a ƙarshen Maris na 2024 aka rufe shi, har waɗanda ke riƙe da faifansa a hannu ba su sake iya buɗe shi ba. Hujjar kamfanoni a irin wannan hali tana cikin doguwar yarjejeniyar nan da kowa ke amincewa da ita ba tare da karantawa ba, wadda ke cewa lasisin amfani aka sayar, wasan kuwa yana nan mallakin mai ƙera shi.

Akwai sassauci, sai dai ƙunƙuntacce ne. Duk shekara uku Laburaren Majalisar Dokokin Amurka kan fitar da jerin keɓantattun halaye, kuma tun 2015 ya halatta wa wanda ya sayi wasa ya karya kwaɗonsa domin amfanin kansa idan kamfani ya daina tafiyar da kwamfutar tantancewa. Wannan bai shafi wasan da wani ɓangarensa ke ajiye a wurin kamfani ba, sannan haramcin rarraba kayan karya kwaɗo yana nan daram. Wato an ba mutum izinin buɗe ƙofa, amma an hana maƙeri ya sayar masa da mabuɗi, alhali 'yan wasa ƙalilan ne za su iya ƙera nasu. A Turai kuwa, Kotun Tarayyar ta yanke a shari'ar kamfanonin Nintendo da PC Box a 2014 cewa kariyar da doka ke bai wa kwaɗo dole ta tsaya daidai gwargwadon buƙata, kada ta hana abin da ba ya cutar da haƙƙin mai fasaha.

Jihar Kalifoniya ta bi wata hanyar da dokarta mai lamba AB 2426, wadda ta fara aiki a Janairun 2025. Ta hana shagunan intanet amfani da kalmar "saya" sai sun bayyana wa mutum ƙarara cewa lasisi yake karɓa, wanda za a iya janyewa. Shagon Steam ya fara nuna wannan gargaɗi tun Oktoban 2024. Dokar ba ta tilasta wa kowane kamfani ya bar wasa yana aiki ba, kuma ta keɓe kayan da mutum zai iya saukewa ya ajiye ya yi amfani da su ba tare da intanet ba, irin waɗanda shagon GOG ke sayarwa ba kwaɗo.